Eksitanal ɗina ya koma kamar sabo bayan an ɗauke wuta, kuma ayyukan mutane na ciki

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masana cikin gaggawa. Ina da shagon ɗaukar hoto da bidiyo a Kaduna, kuma akwai eksitanal, wato faifan ajiya na waje, mai 2TB da muke yawo da shi tsakanin na'urori uku: MacBook da nake tace bidiyo a kai, kwamfutar tebur mai Windows 10 da ke shago, sai laftof ɗin ƙanina mai Ubuntu. Tun ranar da na saye shi na raba shi biyu a kan Mac. Babban ɓangaren, wajen 1.5TB, tsarin fayil ɗinsa exFAT ne, nan ayyukan bukukuwa suke. Ƙaramin kuma ƙanina ya mayar da shi ext4 yana ajiye kayan karatunsa.

Shekaranjiya ana cikin zuba bidiyon wani biki daga memorin kyamara aka ɗauke wuta, kwamfutar shagon kuma ba ta da UPS. Da wuta ta dawo faifan bai fito ba. A Disk Management yana nuna 1863 GB amma fili fetal, babu ɓangare ko ɗaya. Mac kuma cewa take ba ta iya karanta shi, tana tambaya ko a shirya shi sabo. Faifan yana juyawa lafiya, ba ya wata ƙara. Akwai bukukuwan da ban miƙa wa masu su ba tukuna. Shin akwai mafita, ko shi ke nan?

Baffa_Gyara:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, zare shi ka ajiye. Kar ka danna Initialize, kar ka yi fomatin, kar ka ƙirƙiri sabon ɓangare, kar ka bari wani ya ce bari ya gwada chkdsk. Duk abin da zai yi rubutu a kan faifan nan, a dakata da shi.

Ka kwantar da hankalinka. Abin da ka bayyana ya fi kama da lalacewar jadawalin ɓangarori, wato 'yan sektoci (ƙananan gurabun ajiya) na farkon faifai da ke faɗa wa kwamfuta inda kowane ɓangare ya fara da inda ya ƙare. Kamar gona ce da aka tumɓuke duwatsun iyakarta: shuka na nan yadda take, sanin inda ta wane ta tsaya ne ya ɓace. Fayilolinka ba a cikin jadawalin suke ba.

Maman_Sudais:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya fitar da kai, Malam. Hoton biki ba abin da ake sakewa ba ne.

DanBichi_Linux:
Tunda a Mac ka raba shi, kusan tabbas jadawalin irin GPT ne, ba irin MBR ba, kuma wannan abin farin ciki ne. GPT yana ajiye jadawalinsa sau biyu, ɗaya a farkon faifai, ɗaya can a sektocin ƙarshe. Ka ce wa ƙaninka ya jona shi a Ubuntu, ya duba sunansa da `lsblk`, sannan `sudo gdisk /dev/sdb` idan sdb ne. Idan na farkon ne kawai ya lalace, gdisk da kansa zai faɗa. Ya danna r, daga nan b da c su ne ke ɗauko na ajiyar, ya danna p ya ga ko ɓangarorin sun bayyana. Muddin bai danna w ba babu abin da aka rubuta. Aikin minti biyar ne.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai. Amma akwai abin da yanzu na samu labari. Yaron shagona ya ce jiya da safe, kafin in iso, ya jona shi, wani akwati ya fito yana tambayar MBR ko GPT, sai ya bar shi a GPT ya danna OK, a tunaninsa hakan zai dawo da shi. Ya ce bai yi fomatin ba. Wannan ya ɓata lamarin ne?

DanBichi_Linux:
To, hanyar da na ba ka ta toshe ke nan. Wannan OK ɗin ya rubuta sabon jadawali marar komai a gaba da baya, na ajiyar ma ya tafi. Amma sektoci kaɗan ne ya taɓa, 34 a farko da 33 a ƙarshe. Bidiyonka suna nesa da wurin. Yanzu sai TestDisk, manhajar neman ɓangarorin da suka ɓace.

Sadiya_Edita:
Don Allah kar a yi wa yaron faɗa da yawa. Akwatin nan ba ya nuna wa mutum cewa akwai haɗari, manya ma suna dannawa. A Mac ma maɓallai uku ne ke fitowa, kuma wanda ya kamata a danna shi ne Ignore ko Eject.

Haruna_Sabongari:
Ka sauke Recuva kawai, ni da ita na dawo da hotunan wayata.

Baffa_Gyara:
@Haruna_Sabongari, Recuva tana da amfani idan an goge fayil a faifan da ke fitowa da harafinsa, kamar E ko F. Wannan ba shi da harafi ma, ba ta da inda za ta kama. Kuma kar wani ya ce a yi masa fomatin don ya samu harafi sannan a sa Recuva, na sha ganin masu ba da wannan shawarar, ɓarna ce a kan ɓarna.

Injiniya_Zariya:
Malam Abban Hanifa, ina da ja a kan gaggawar da ake yi zuwa TestDisk. Manhaja ce mai kyau, kyauta ce, Christophe Grenier ne ya rubuta ta tare da 'yar uwarta PhotoRec, kuma ina amfani da su. Amma akwai tambayar da ba a yi ba: me ya sa jadawalin ya lalace tun farko? Lokacin da ake kwafar bidiyo, kwamfuta ba ta rubutu a sektocin jadawali. Ɗaukewar wuta ta fi lalata tsarin fayil na cikin ɓangaren, ba ta cika share ɓangarorin gaba ɗaya ba. Idan Windows ta ga faifan kamar ba a taɓa shirya shi ba, akwai yiwuwar sektocin farko sun daina karantuwa, ko kuma allon USB na cikin gidan faifan ya samu matsala.

Don haka a fara duba lafiyarsa ta rahoton SMART, wanda faifan ke bayarwa game da kansa. A Windows akwai CrystalDiskInfo, a Ubuntu `sudo smartctl -a -d sat /dev/sdb`. A kalli lamba 5, sektocin da faifan ya riga ya sauya wa wuri, da lamba 197, waɗanda yake shakku a kansu. Idan ba sifili ba ne, to faifan ba shi da lafiya, kuma binciken TestDisk mai zurfi yana karanta shi daga farko har ƙarshe, sa'o'i da yawa. Idan karatu ɗaya ne ya rage masa, gara a kashe shi wajen kwafe shi.

Abin da zan yi shi ne in samo wani faifan, in kwafe wannan sekta bayan sekta da ddrescue, sannan in yi duk gwaje-gwajena a kan kwafin. Misali `sudo ddrescue -n /dev/sdb faifai.img taswira.map`, idan ya gama a maimaita da `-r3` don ya sake gwada wuraren da suka ƙi. Fayil ɗin taswirar nan kar a manta da shi, shi ne ke sa idan wuta ta sake ɗaukewa aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya.

DanBichi_Linux:
Injiniya, maganarka gaskiya ce a littafi, amma mutum nawa ne ke da faifan 3TB ko 4TB a ajiye? Ka san kwafin 2TB ba zai shiga cikin wani 2TB a matsayin fayil ba. TestDisk ba ta rubuta komai sai ka danna Write. Yana iya yin Quick Search, wanda ba ya daɗewa, ya danna P ya ga foldodinsa, ya kwashe masu muhimmanci da C zuwa wani wurin. Bukukuwan da bai miƙa ba ai ba za su kai 1.5TB ba.

Injiniya_Zariya:
Na yarda da Quick Search da kwashe masu muhimmanci, idan SMART ya fito da tsabta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne danna Write a kan faifan asali alhali babu kwafi ko ɗaya a duniya. Kuma ba dole sai 3TB ba, ana iya kwafa kai tsaye daga faifai zuwa faifai da `-f`, muddin na biyun bai gaza na farkon yawan sektoci ba. Yawancin masu 2TB suna da 3907029168. A dai tabbatar wanne ne sdb wanne ne sdc kafin a danna, don idan aka juya su, faifan banza ne zai hau kan mai aikin.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu ma nan matsalar kuran ɗin, wato wutar lantarki, ɗaya ce, musamman lokacin zafi. Shawarata, duk aikin da za a yi a yi shi a laftof mai batir mai kyau, kuma a jona a ramin USB 3, mai shuɗin ciki. A nan 2TB zai ɗauki kamar awa shida zuwa takwas idan faifan lafiya lau ne. A USB 2 kuwa zai haura awa goma sha shida. Kuma a canza kebul. Kebul ɗin nan mai faɗin kai yana saurin sakwarkwacewa, na ga faifan da aka yanke wa ƙauna ashe waya ce kawai.

Haruna_Sabongari:
Me zai hana a fasa gidan a ciro faifan a jona shi kai tsaye cikin kwamfutar tebur? Ai ya fi sauri.

Baffa_Gyara:
Wani lokaci yana taimakawa, wani lokaci yana ƙara rikita abu. Akwai ƙananan eksitanal da ramin USB ɗin a jikin allon faifan yake, babu SATA sam, ka fasa a banza. Akwai gidajen da ke nuna wa kwamfuta sekta mai 4096 alhali faifan ciki 512 yake bayarwa, da ka ciro shi lissafin jadawalin duk ya sauya, ɓangarorin su ƙi fitowa. Akwai kuma waɗanda allon gidan ne ke kulle bayanan da sirri, ba tare da shi ba shirme kawai za ka gani. Tunda nasa yana nuna cikakken girmansa, 1863 GB, allon yana magana da faifan. A bar shi a gidansa.

Abban_Hanifa:
Ƙanina ya zo da laftof ɗinsa, mun canza kebul kamar yadda Dan Maradi ya ce. Lamba 5 sifili ce, lamba 197 tana nuna 8. Wani abokin sana'ata ya ara mini faifai mai 4TB da babu komai a ciki, mun sa ddrescue tun bayan la'asar. Injiniya, takwas ɗin nan yana da yawa ne?

Injiniya_Zariya:
Ba shi da yawa, kuma yana iya zama sakamakon ɗaukewar wutar ne, sektar da aka katse ana tsakiyar rubuta ta takan ƙi karantuwa daga baya. Yana kuma iya zama farkon lalacewa. Abin lura shi ne ko lambar za ta hau yayin da ake kwafa. Ku bar shi ya gama, a sa shi inda iska ke ratsawa, kar a motsa shi.

Ummi_Kwamfuta:
Ni tambayata ta ɗan kauce. Me ya sa kowa ke cewa exFAT ne ya dace da faifan da ake yawo da shi, alhali kullum shi ake kuka da shi?

Sadiya_Edita:
Saboda, ban da FAT32, shi kaɗai ne duka ukun ke karantawa su rubuta ba tare da an sa wata manhaja ba. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai 4GB, mu masu bidiyo ba ya mana amfani. NTFS kuma Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kai. APFS na Apple ne, Windows ba ta san shi ba. To ina za mu?

DanBichi_Linux:
Hajiya Sadiya ta faɗi dalilin. Microsoft ta fito da exFAT a 2006 saboda filash da memori, Mac ta karɓe shi tun 10.6.5, Linux kuma ya shiga cikin ƙwayarta, wato kernel, a 5.4 a 2019, aka samu wanda ya fi inganci a 5.7. Rauninsa shi ne ba ya ajiye rajistar abin da yake shirin rubutawa, irin wadda NTFS da ext4 ke da ita. Idan aka katse shi a tsakiyar aiki ba shi da inda zai duba ya gyara kansa. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin rauni ba ne. Ni da zan zaɓa, NTFS zan sa, in sayi manhajar da ke ba Mac damar rubutu. Linux tana da ntfs-3g tun da daɗewa, ga kuma ntfs3 tun 5.15.

Sadiya_Edita:
Manhajar nan da kake cewa, duk lokacin da aka sabunta macOS sai ka jira ta dace, kuma idan ka je wurin wani da faifanka Mac ɗinsa ba ta da ita. Ni na tsaya a exFAT, amma ban ɗauke shi ma'ajiya ba, abin jigila ne kawai. Aikin yana nan a wani faifan a gida.

Baffa_Gyara:
NTFS ma yana da nasa tarkon idan ana yawo da shi. Tun Windows 8 akwai Fast Startup, kashewar da kake gani ba cikakkiya ba ce, rabin barci ne. Idan faifan na jone aka kashe kwamfutar, aka zare aka kai Linux, sai ta ƙi rubutu a kai ko ta ce ba a rufe shi da kyau ba. Wanda ya tilasta ta, sannan ya mayar da shi Windows, nan ake samun fayiloli sun hargitse. A cire faifan ta hanyar Eject kafin a kashe, ko a kashe wannan tsarin gaba ɗaya da `powercfg /h off`.

Malam_Nura_Gombe:
Irin wannan ta faru da wani ɗalibina, amma tasa ta fi muni. Yana son haɗa filash na sa Windows, sai ya zaɓi eksitanal ɗinsa a madadin filash ɗin. Faifan 1TB ya koma ɓangare ɗaya mai 32GB. Nan an rubuta gigabait da dama a farkon faifan, ba jadawali kaɗai ba. Mun samo mafi yawan kayansa da DMDE, wadda ta kyautar ke barin mutum ya kwashi fayil har 4000 daga folda ɗaya a kowane zagaye. Waɗanda ke farkon faifan dai sun tafi. Na kawo wannan ne don Abban Hanifa ya san nasa da sauƙi.

Abban_Hanifa:
Alhamdulillah, kwafin ya kammala, ddrescue ya nuna wani ɗan ƙaramin wuri ne kawai ya ƙi karantuwa. Mun buɗe `testdisk faifai.img`, muka zaɓi EFI GPT, Analyse, Quick Search. Abu biyu suka fito. Ɗaya ƙarami mai suna EFI, ɗaya kuma babban nawa da sunan da na sa masa. Na danna P na ga foldodina da sunayensu, wallahi sai da na zauna. Amma akwai matsala biyu. Ɓangaren ƙanina bai fito ba. Sannan foldar bikin da ake zubawa lokacin da aka ɗauke wutar tana nan amma babu komai a ciki.

Maman_Sudais:
Alhamdulillah! Allah ya cika sauran.

DanBichi_Linux:
Madalla. Ƙaramin nan mai 200MB Mac ce ke ƙirƙirarsa duk lokacin da ta raba faifai da GPT, yana farawa daga sekta 40, ba naka ba ne kuma ba ɓata ba ne. Fara kwashe naka tukuna. Na ƙaninka kuma ku yi Deeper Search, tunda a kan kwafi kuke ba abin tsoro. ext4 yana warwatsa kwafin babban bayaninsa a wurare da dama, don haka za ku ga layuka da yawa masu kama da juna. Kar ku zaɓa da ka, ku danna P a kan kowanne, wanda ya nuna foldodi shi ne. Kuma farkonsa dole ya zo bayan ƙarshen exFAT ɗin, kar su hau juna. Idan ya fito amma ya ƙi buɗuwa, `e2fsck -b 32768` yakan tashe shi, a kan kwafin fa.

Wani abu kuma. Na tabbata tun da can Windows tana yawan tambayarku ko a yi wa wannan ɓangaren fomatin, ko ba haka ba? Idan ƙaninka mkfs, umarnin fomatin na Linux, kawai ya yi, alamar ɓangaren ta zauna a 0700, wato na Microsoft. Idan kun sake gina jadawalin ku mayar da ita 8300 a gdisk, Windows za ta daina ba shi harafi, ta daina tambaya.

Abban_Hanifa:
Haka ne kuwa, kullum sai ta tambaya, mu dai Cancel muke dannawa. To foldar bikin fa? Ita ce ta fi damuna, amarya ta fara kira.

Injiniya_Zariya:
Ina memorin kyamarar? Can ne asalin bidiyon yake, kuma ya fi sauƙin samu daga can.

Abban_Hanifa:
An yi masa fomatin a kyamara washegari, an ɗauki wani taron suna a kai. Memorin 128GB ne, sunan bai fi 30GB ba.

Injiniya_Zariya:
To a cire shi daga kyamara yanzu, a tura ɗan makullin gefensa, a yi masa kwafi da ddrescue kamar yadda aka yi wa faifan. Abin da sunan ya hau kai ya tafi, amma sauran yana iya kasancewa, ya danganta da irin fomatin da kyamarar ke yi, don wasu suna share memorin ne gaba ɗaya. Sai a sa PhotoRec a kan kwafin memorin, a kuma sa ta a kan wurin da babu komai na ɓangaren exFAT. Ka sani PhotoRec ba ta dawo da suna ko folda, za ka ga recup_dir.1, recup_dir.2, fayiloli masu lambobi. Hotuna sukan fito lafiya. Bidiyo ne mai wahala, domin kyamarori da yawa ba sa rubuta shi a jere, sai ka samu fayil mai girma amma ya ƙi buɗuwa. Kar ka goge irin waɗannan, akwai manhajojin da ke gyara su idan aka ba su lafiyayyen bidiyo daga kyamara ɗaya.

Baffa_Gyara:
Kuma ka kira masu bikin ka faɗa musu halin da ake ciki tun yanzu, kar su ji daga baya. Mutane sukan yi haƙuri idan an gaya musu gaskiya da wuri.

Ummi_Kwamfuta:
Idan da SSD ne fa, duk wannan zai yi aiki?

Injiniya_Zariya:
Ɓatan jadawali kaɗai, e, hanya ɗaya ce. Amma idan an goge fayil ko an yi fomatin, kuma gidan yana wuce da umarnin TRIM, wanda ke sanar da SSD wuraren da aka goge, SSD ɗin da kansa yake share wuraren, babu manhajar da za ta dawo da su. A faifai mai juyawa ma, fomatin mai sauri ne ake iya tsira daga gare shi. Cikakken fomatin na Windows, tun daga Vista, sifili yake bi yana rubutawa.

Dan_Maradi:
Idan komai ya daidaita, ku ajiye kwafin jadawalin kansa: `sudo sfdisk -d /dev/sdb > jadawali.txt`. Ɗan ƙaramin fayil ne, ka tura wa kanka ta imel. Da akwai shi, da wannan neman ɓangarorin bai taso ba.

DanBichi_Linux:
Yanzu da akwai kwafi a hannu, ni ban ga abin da zai hana a danna Write a kan faifan asali a ci gaba da aiki da shi ba. Takwas ɗin nan za su iya ɓacewa da an sake rubutu a kansu.

Injiniya_Zariya:
Za su iya, amma ni ba zan sake ɗora aikin mutane a kansa shi kaɗai ba. Abban Hanifa, lambar ta hau bayan kwafin ko tana nan?

Abban_Hanifa:
Ta koma 16. Deeper Search yana kashi 61 cikin ɗari, layukan Linux sun fara fitowa amma ba mu taɓa ko ɗaya ba tukuna. PhotoRec ta ciro hotuna masu yawa daga memorin, har da na ɗaurin aure. Bidiyo goma sha ɗaya suka fito, huɗu ne ke buɗuwa. Injiniya, lafiyayyen bidiyon da za a ba manhajar gyaran, dole ne sai na ranar bikin, ko na taron sunan ma zai yi tunda kyamara ɗaya ce?